Itatuwan Gonar Aro

Akwai wani manomi a Gidan Takama, wani ƙauye da ke gefen kwarin Badagishiri, sunansa Sha'ibu. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya fashin jam'i. Aibinsa ɗaya ne, bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi da fara'a sai ya fara tunanin abin da ka zo nema. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, to, ranar nan tuwo ba zai yi masa daɗi ba.

Amma kada mu yi masa rashin adalci, halin nan nasa yana da tushe.

Yana yaro, baffansa ya ara wa wani baƙo gona. Baƙon ya bi iyaka ya dasa dogon yaro. Shekaru suka ja, tsofaffin da aka yi aron a gabansu suka rasu, sai 'ya'yan baƙon suka tsaya gaban sarki suka ce, in gonar ba ta ubansu ba ce, wa ya bar shi ya dasa itace a ciki? Shi ke nan, gona ta tafi.

A ƙasar nan kowa ya san ƙa'ida. Mai aron gona yana shuka hatsi da wake, amma ba ya dasa itace, don itace shaidar mallaka ne. Kuma kowace kaka yana kai wa mai gona dami ɗaya, ba don damin zai cika rumbu ba, sai don a riƙa tuna wanda ke da ƙasar.

Sha'ibu ya ga yadda baƙin cikin gonar nan ya kwantar da baffansa. Wanda maciji ya sara kuwa, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Bayan shekarar da fara ta cinye hatsi, wajen dubu biyu da biyar, wani mai amalanke ya sauka a ƙauyen da matarsa da 'ya'yansa. Sunansa Tanimun, iyayensa daga tsallaken iyaka suke, fatake ne. Jakinsa ɗaya ya rage masa, aikin dako kuma ya yi ƙasa. Ya bi gida gida yana neman inda zai noma.

Sha'ibu yana da wani fako a kan tudu, gadon mahaifinsa. Ƙasa ce jajir, ta daskare kamar daɓen ɗaki, in an yi ruwa ko tsayawa ba ya yi a kanta. Babu komai a wurin sai tsofaffin kututture. Ya yi lissafi ya ga ko an cuce shi a nan ba a cuce shi da komai ba, sai ya ce ya ara masa.

Tanimun ya durƙusa ya kama hannunsa da hannu biyu. "Allah shi saka da alheri, Yaya. Ka yi mani abin da ɗan'uwa ka yi ma ɗan'uwa."

Tun daga ranar bai sake kiransa da wani suna ba sai Yaya. Sha'ibu bai nuna ba, amma sunan yana yi masa daɗi, don shi kaɗai ne namiji a wurin uwarsa.

A wannan ranin ne Maigari Chindo ya tara mutanen gari. Abin da ya faɗa babu wanda bai san shi ba. Daji ya ƙare. Mata suna fita neman itacen girki da hantsi, ba sa dawowa sai rana ta karkata, wasu ma sun koma hura wuta da kara da kashin shanu. In damina ta fara, iska takan taso da yashi ta binne shuka, sai mutum ya sake shuka iri ya ƙare masa.

Aka yi ta muhawara, daga ƙarshe aka tsaya a kan magana. Daga yanzu in an zo sassabe, ba a share gona ƙarƙaf kamar da. Duk kututturen da ya yi toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. A kan fako a haƙa tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba wa taki su riƙe ruwa, a kuma jera duwatsu a kan hanyar ruwa. Aka kafa kwamiti, aka ce ko a gonarka ne, ba ka sare ɗanyen itace sai ka sanar.

Sha'ibu ma ya ɗaga hannu. Ranar gayya har ya fi kowa ɗaukar duwatsu, don shi wajen aiki ba a yi masa gori.

Amma babu wanda ya ɗauki maganar da zafi kamar Tanimun. Shi ba shi da wata gona, fakon nan shi ne tukunyarsa. Ya yi ta dakon taki da amalanke, ya yi ta saran ƙasa har tafin hannunsa ya fashe. Duk tohon da ya leƙo daga tsohon kututture sai ya kewaye shi da ƙaya don awaki, ya ɗaura masa jan ƙyalle don masu saran itace su san ana renonsa.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Kafin a ankara, fakon da ko akuya ba ta tsayawa a kansa ya fara ba da hatsi. Kalgo da sabara suka yi duhu, magarya ta fara 'ya'ya. A tsakiyar gonar kuma wani gawo ya miƙe, ya wuce tsayin mutum, daga saiwar wani tsohon gawo da mahaifin Sha'ibu yake hutawa a ƙarƙashinsa kafin a sare shi a wata shekarar yunwa.

Mutane suka fara cewa "gonar Tanimun" in suna kwatance. Ba da wata manufa ba, haka baki yake. Amma duk lokacin da kalmar ta faɗa kunnen Sha'ibu sai ya ji kamar an soka masa ƙaya.

Wata rana ya hau tudun ya tsaya a bakin iyaka. Da wani ne da ya yi hamdala. Shi kuwa jajayen ƙyallayen nan kawai yake kallo suna kaɗawa.

Ya koma gida ya sami matarsa Tsahara tana tankaɗe.

"Tsahara, kin ga abin da mutumin ga shika yi? Ya cika mani gona da icce. Kowane da alamatai."

"To ba haka anka ce kowa shi yi ba? Kai ma ka ɗaga hannu."

"Kowa cikin gonatai. Shi wagga gonatai ta?"

"Malam, ai ba dasawa yay yi ba. Iccen da Baba ya bari na, sunka tashi."

"Dasawa da reno duk ɗaya na gaban sarki. Ke ba ki san komi ba."

Tsahara ta ci gaba da tankaɗenta. Ta san mijinta, in zargi ya shige shi, ko liman ya zo sai dai ya koma.

Da kaka ta yi, Tanimun ya zo da amalanke. Maimakon dami ɗaya na al'ada sai ya sauke uku, ga kuma ƙullin wake.

"Yaya, bana Allah ya yi albarka. In na kawo guda, kunya za ta kama ni."

Sha'ibu ya yi godiya da baki, a ransa kuwa lissafi yake yi. Dami ɗaya shaida ce. Uku fa? Uku ai ya fara kama da biya. Wato so yake wata rana ya ce ya daɗe yana sayen gonar da kaɗan kaɗan. Ya sa aka mayar da biyu, ya ce rumbunsa ya cika. Tanimun ya ɗauka ya tafi, yana waiwaye.

Haka abin ya ci gaba. In Tanimun ya rage rassa ya kawo wa Tsahara itacen girki, Sha'ibu ya ce toshiyar baki ce. In ya kwana biyu bai zo ba, ya ce ya fara ɗaga kai. Bawan Allah ya rasa ta inda zai ɓullo, kuma bai ma san ana shari'a da shi a cikin zuciyar wani ba.

Sai ga ranar da ta ƙarasa lalata komai. Sha'ibu yana dawowa daga rijiya ya hangi Tanimun da wankakkiyar riga, da ƙullin goro a hannu, yana shiga zauren maigari. Ya laɓe a bayan wani rumbu, shi da girmansa, yana jira. Aka daɗe. Da suka fito, maigari yana dafe da kafaɗar Tanimun suna dariya.

Da la'asar, bayan an sallame salla, maigari ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Sha'ibu, jibi bayan Juma'a ka taho zaure. Akwai magana bisa gonarka ta tudu da iccen da ke ciki. Tanimun na son a yi ta gaban dattawa."

"Wace magana ta, ranka shi daɗe?"

Maigari ya yi murmushi. "In ka zo ka ji. Mai magana shi ka hwaɗin abinai."

Gaban dattawa. Gona. Itace. Goro. Sha'ibu ya haɗa su wuri ɗaya a ransa. Fuskar baffansa ta dawo masa, yadda ya fito daga gaban sarki yana laluben sandarsa. Ya ce a ransa, wallahi ba za a maimaita a kaina ba.

Tsahara ta lura tun daga yadda ya ajiye buta.

"Malam, gidan Tanimun ga shi nan, ko kiran salla ba ya hi nisa ba. Ka tahi ka tambaye shi mana."

"In tambayi ɓarawo ko za shi yi mani sata?"

"Ka ga ya sata?"

"Sai na tsaya ya sata tukuna?"

Washegari ranar kasuwar Badagishiri ce. Gari ya watse, maza sun tafi, Tanimun ma ya yi lodin buhunan mutane ya bi su. Da hantsi Sha'ibu ya wasa gatarinsa ya saɓa. Tsahara ta biyo shi har ƙofar gida tana cewa ya ji tsoron Allah, bai ko waiwaya ba.

Lissafinsa mai sauƙi ne. In babu itace, babu shaida.

Ya fara da kalgo. Ya bi sabara, ya bi magarya da 'ya'yanta a jiki. Rana ta take, gumi yana zuba, shi kuwa kamar ana ƙara masa ƙarfi. Duk wanda ya faɗi sai ya tsinke jan ƙyallen ya jefar. Abin da mutum ya yi shekaru yana reno da ƙaya da taki, kafin azahar ya kwanta.

Ya bar gawon nan na tsakiya sai ƙarshe. Da ya zo gabansa ya ɗan tsaya. Nan ne yake kawo wa mahaifinsa fura yana yaro, nan tsohon yake shimfiɗa buzu. Zuciyarsa ta ce masa bar wannan. Sai idonsa ya faɗa kan ƙyallen da ke ɗaure a jikinsa, ya ɗaga gatari.

Ya koma gida ya yi wanka, ya ce wa Tsahara yau zai ci tuwo da daɗi. Ta ajiye masa kwano ta koma ɗaki. Ya kai loma biyu ya ture.

Da yamma 'yan kasuwa suka dawo ta hanyar tudu, suka ga abin da aka yi. Kafin magariba labari ya gama gari. Wasu suka ce makiyaya ne, wasu suka ce masu sayar da itace ne daga wani gari. Har samari suka fara maganar bin sawu. An ce Tanimun ya sauko daga amalanke ya zauna a ƙasa cikin rassan, sai da aka kama shi aka tayar.

Ranar Juma'a zaure ya cika. Sha'ibu ya zauna ya harɗe, ya shirya maganganunsa tsaf, yana jiran a ce gona ya ce ina shaida.

Maigari ya yi gyaran murya. "Abin da ya tara mu daban, abin da munka tarar daban. Amma a hwara da na hwarko. Tanimun, hwaɗi abin da ka hwaɗa mani."

Tanimun ya miƙe. Idanunsa sun yi ja, muryarsa ta dushe.

"Dattawa, ni baƙo na. Ranar da na zo garin ga ba ni da ko taku ɗaya na ƙasa, wanga bawan Allah ya ba ni wurin da nika ci da ɗiyana. Na san al'ada, mai aro ba shi dasa icce. To ga icce ya tashi ta hannuna, kuma na ji mutane sun hwara cewa gonar Tanimun. Abin ya hana ni kwana. Yau muna raye, mun san gaskiya. Gobe in ba mu, ɗiyana na iya tashi su ce ubansu ya reni icce, gona tasu ta."

Ya dubi dattawan ya ci gaba.

"Shi ya sa na kawo goro, na roƙi maigari a tara ku. Ku shaida, ku hwaɗa ma ɗiyanku: gonar tudu ta Sha'ibu ta. Duk iccen da ke ciki nashi na, da gawon babanai, da kalgo, da komi. Ni da zuri'ata ba mu da ko reshe. Na so in yi mashi albishir gaban mutane, don na ga kwanan ga kamar ranshi ba daɗi da ni." Ya juya ya kalli Sha'ibu. "Yaya, ka gahwarce ni. Amanar da na so in miƙa maka yau, ban tsare ta ba. Na tahi kasuwa, wani ya shiga ya sare maka su duka."

Jama'a, akwai maganar da ta fi mari zafi. Mutumin da ka yi wa ɓarna ya tsaya gaban mutane yana neman gafararka.

Maganganun da Sha'ibu ya shirya duk suka tashi a banza. Zauren ya yi masa ƙunci. Ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa, ga kantar gatari sabuwa fil, ta yi ruwa.

Maigari tsoho ne, ya ga jiya ya ga yau. Ya bi idon Sha'ibu da kallo har zuwa hannun.

"Sha'ibu, jiya ban gan ka kasuwa ba."

Sha'ibu ya dunƙule hannun, maigari ya ci gaba.

"Samari na shirin bin sawun Hulani. In akwai abin da ka sani, hwaɗi tun ba a taɓa wanda bai ji ba bai gani ba."

Nan ne dai Sha'ibu ya tuna da Allah. Ya ɗago kai. "Kada a bi kowa. Ni na."

Salati ya tashi ko'ina. Wani dattijo ya ce, "Kai da gonarka? Kai da iccen ubanka?" Sha'ibu ya ce ya zaci ƙwace za a yi masa. Da ya faɗe ta da bakinsa, shi kansa ya ji yadda maganar ba ta da nauyi.

Tanimun bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ce, "Da ka tambaye ni."

Kwamiti ya yanke hukuncin da aka amince tun farko za a yi wa mai sare ɗanyen itace. Sha'ibu zai yi ranin nan yana jera duwatsu a makiyayar gari, kuma shi zai reni duk kututturen da ya sare har ya tashi. Bai yi musu ba. Ya matsa kusa da Tanimun ya roƙe shi ya yafe masa, ya ci gaba da noman gonar, ko shekara nawa yake so.

"Na yahe maka, duniya da lahira," in ji Tanimun. "Amma gona, ka riƙe abinka. Ba ni iya duƙawa ina noma, ina tunanin mi kaka tunani."

Kafin a watse wani dattijo ya ce yana da fako a yamma da gari, in Tanimun yana so. Da ma wa zai ƙi mutumin da ke mayar da daɓe gona?

Sha'ibu ya sami abin da yake tsoron rasawa, gonarsa ta dawo hannunsa, babu mai jayayya da shi. Da ruwan farko ya sauka ya shuka. Iska ta taso, maƙwabtansa masu itatuwa shukarsu ta tsira, tasa yashi ya binne. Ya sake shukawa, ta sake binnewa. A shekarar nan abin da ya girba a tudun bai kai dami ukun da Tanimun ya taɓa kawo masa ba. Tsahara kuma ta koma bin mata neman itace mai nisa. Ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

Itace dai yana da haƙuri. Damina biyu ba su cika ba kututturan suka sake toho, har da gawon. Sha'ibu ya kewaye su da ƙaya, ya yage tsohuwar hularsa ja ya ɗaura musu.

Wata safiya yana durƙushe yana rage rassa, sai ga amalanke a kan hanya, an ɗora dami za a kai wa mai fakon yamma. Tanimun ne. Sha'ibu ya miƙe da sauri, har ya yar da wuƙarsa.

"Tanimun! Ka gani? Gawon ya tashi!"

Tanimun ya ja linzamin jaki ya tsaya. Ya dubi ɗan gawon, ya yi murmushi na gaskiya, babu ƙiyayya a ciki.

"Ma sha Allah. Allah shi raya shi. A rage na gehen ga, shi hi miƙewa." Ya kaɗa jakinsa. "A gaida gida, Malam Sha'ibu."

Malam Sha'ibu. Ba Yaya ba.

Ya tsaya yana kallon amalanken har ta sha kwana. Sa'an nan ya koma ya durƙusa gaban gawon, ya rage reshen da aka ce ya rage, hawaye yana ɗiga a kan hannunsa.

Darasi: Zato zunubi ne, kuma gatarin da zargi ya wasa, kayan mai shi yake fara sarewa. Kafin ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci, taka ka je ka tambaye shi. Itacen da aka sare yana iya sake toho in an rene shi, amma yardar da aka sare ba kullum take dawowa yadda take ba. Mu riƙa renon itatuwan garuruwanmu, mu riƙa renon amanar da ke tsakaninmu, don ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗaya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda gatarinsa ke saɓe a kafaɗa yanzu haka, labarin nan ya sa ya ajiye.